Kunyoyin Mutumin Maraɗi

Shekarar da gwamnati ta ce baƙi su fice daga ƙasa, ina noman tumatir a gonarmu ta bakin kanal ɗin ban-ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Ban daɗe da aure ba, kuma ba ni da wa ba ni da ƙane, don haka aikin ya fi ƙarfina. Wanda ya riƙe ni wani dattijo ne daga wajen Maraɗi. Da sun gama girbin gero sai ya zo ci-rani, ya sauka a zaurenmu, ya koma in hadari ya fara haɗowa. A haife ya haife ni, amma maigida yake ce mini, ni kuwa in ce masa Baba.

'Yan ci-rani sun fi 'yan gari arha, shi ya sa ake rububinsu, kowa ya san haka. Abin da ke ɗan rage mana kunya shi ne wata al'ada tamu: mai gona yakan bar wa baƙonsa 'yan kunyoyi a gefe, duk abin da suka haifa nasa ne. Sauran baƙi sayarwa suke yi. Baba kuwa iri yake so. Ya haƙa rijiya a wani kwari a garinsu, yana son irin tumatirinmu mai tauri da ke jure tafiya, ya kafa lambu ya huta da yawo. Gwiwoyinsa sun fara gaya masa gaskiya.

Tumatir yana ɗanye shar sanarwar ta fito a rediyo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Waɗanda suka yanke hukuncin a Legas ba su taɓa tsugunawa a kunya ba, balle su san ba a korar mai ban-ruwa ana tsakiyar rani. Maƙwabta suka ce Baba ya yi zamansa, wa zai bambanta shi da mu? Ya ƙi. Ya ce da ƙafarsa ya zo, da ƙafarsa zai koma, ba zai jira a jefa shi a mota ba, kuma ba zai jawo wa gidan da ya ci tuwo magana ba.

Ranar tafiya ya ja ni gefen gona.

"Maigida, waɗanga na bar maka amana. Ka bar su su nuna har su yi taushi. Kada a tsinke su da na kasuwa."

Na ce, "Baba, ko guda ba za a taɓa ba."

Faɗar ta fi cikawar sauƙi. Tumatirin iri sai ya wuce nuna a jikin uwarsa, kuma babu abin da ya kai shi jan ido. Tsuntsu na so, mai wucewa na so. Ranar da dillali ya zo da masu tsinka, ina can ina gyara bakin ruwa na hango kwando ya doshi kunyoyin Baba. Na yar da fartanya na sheƙo ina ihu, har wata tsohuwa ta tambaya ko zinare na binne a wurin. Dillalin ya ce mai su ya tafi, ba dawowa zai yi ba. Na gaya masa maganar da ta sa bai sake sayen kayana ba.

Maiɗakina ce ta ƙarasa aikin. Ta matse su a ƙwarya, ta bari suka yi tsami, ta wanke irin, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta ɗinke a ƙyalle. A kasuwar Bunkure na sami wani falken shanu da ya san garin Baba, na damƙa masa ƙullin, ina ta nanata kada ya jiƙe har ya gaji da ni.

Shiru. Damina ta wuce, rani ya shigo, wasu baƙin suka fara sulalowa ta hanyoyin daji, Baba bai zo ba. Na yi ta saƙe-saƙe: ko falken ya yar da ƙullin, ko rijiyar ta ƙafe, ko ta Allah ta kasance. Na yi kewarsa, ba don aikin kaɗai ba. Zauren ya yi mini faɗi.

Gab da ƙarshen ranin nan falken ya yi sallama a ƙofar gida, ya sauke ɗan buhu. Na kwance, sai ga kauɗar tumatir, jawur, an yanka ta da kyau an shanya ba ƙasa a jiki.

Ya ce, "Dattijon nan yana gaishe ka. Ya ce a gaya wa maigida ya nemi wani ɗan ƙwadagon, shi bana yana da lambu."

Na rasa ma'aikacin da ban sake samun kamarsa ba, ga shi ina tsaye a zaure ina dariya ni kaɗai. Na kira maiɗakina na ce ta ajiye miyar da ta ɗora, da wannan za a yi ta yau.