Mun Ce wa Bilki Baba Ya Yi Tafiya

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Bilki, kuma har yau in an tashi zancenta a unguwarmu sai a rage murya a ce mutanen ruwa ne suka ɗauke ta. Ba haka ba ne. Na gaji da jin wannan magana. Zazzaɓi ne ya zama ajalinta, ya same ta jiki duk ya ƙare don ba ta cin abinci. Abin da ya hana ta cin abincin kuwa, mu ne.

Tana da shekara shida Babanmu ya rasu. Kafin a yi masa wanka aka kai ta gidan ƙanwar Inna a Utai, sai bayan sadakar bakwai aka dawo da ita. Da ta tambayi inda Baba yake, Goggo, yayar Baba, ta harare ni. Ni kuma, ina 'yar shekara sha huɗu, na ce, "Ya yi tafiya, ya haye kogi." Da bakina na faɗa.

Daga ranar, da an kira azahar sai a neme ta a rasa. Tana bakin kogi a tsaye cikin rana, tana kallon kowane kwalekwale har ya sauke mutanensa. Tuwonta takan raba biyu, ta rufe rabi da faifai ta tura ƙarƙashin gado. Sai wari ya tashi muke ganowa. Wata rana da tsakar rana muna surfe, gidan shiru, ta ɗago kai ta amsa sallama. Babu kowa a zaure.

"Baba ne," ta ce. "Ku ba ku iya amsa sallama ba?"

Taɓaryar hannun Inna ta faɗi. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, aka kawo mai ruƙiyya sau uku. Yarinya tana ta tambaya ɗaya, manya suna ta nemo mata aljani. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce Baba ya mutu. Sau ɗaya ta ja mini zane ta ce, "Yaya, ko ni na ɓata masa rai?" Na ce ta yi mini shiru, ina aiki. Wata takwas ta yi a haka.

Da tana raye da yanzu tana shekara sha biyar. Ina tunanin me za ta ce in ta leƙo gidanmu a wannan makon. Matar Yaya Sani ta rasu wajen haihuwa, yau kwana ashirin. 'Yarsu Nana, mai shekara biyar, an ce mata Mama tana asibiti. Shekaranjiya na tarar da ita zaune a dokin ƙofa, takalman uwarta a cinya, tana goge su da bakin rigarta. Ta ce kada Mama ta dawo ta same su da datti. Tun jiya ba ta taɓa kokonta ba. Goggo, da tsufanta, har ta fara cigiyar kayan hayaƙi.

Na ce wa Yaya Sani a gaya wa yarinyar nan gaskiya. Ya ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Me yaro ya sani game da mutuwa?"

Bilki ba ta bar hoto ba, ba ta bar littafin makaranta ba. Abin da ya rage mini nata shi ne na san yadda yaro yake idan yana jiran wanda ba zai zo ba, kuma na gane shi a fuskar Nana. Allah ya jiƙanki, Bilki, ki yafe mini.

Gobe da safe zan ɗora Nana a cinyata in gaya mata mahaifiyarta ta rasu, ba za ta dawo ba, kuma ba laifinta ba ne. Za ta yi kuka, zan zauna da ita har ta gama. Wanda zai yi fushi da ni a gidan, ya yi.