Inna a Teburin Surukai

Ba don Yaya ba, da har yau ban san mutanen Taiwan suna da nasu girki daban ba. A wurina duk abincin da ake ci da tsinke biyu na 'yan China ne, shi ke nan. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ke bi masa, kuma mu biyu ne a London. Shi yana koyar da lissafi a wata sakandare, ni ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Da ya fara neman wata 'yar Taiwan da suka haɗu a coci, sai ya rasa bakin gaya mini, ya ce in zo mu ci abinci in na tashi aiki.

Wani ɗan shago ne a lungu kusa da Aldwych, tururi ya rufe tagarsa, in ka miƙe ƙafa sai ka taka na kusa da kai. Na tarar da yarinyar tare da shi, ita ta zaɓa mana abin da za mu ci. Aka kawo wani burodi fari sol mai laushi, turara shi ake yi, an naɗe shi biyu an cusa nama da dakakkiyar gyaɗa a ciki. Bao suke ce masa. Aka kawo soyayyar kaza gutsi-gutsi da ganyen ɗoɗɗoya. Sai wani abu da ta yi ta ba ni haƙuri kafin a ajiye shi, wai wari gare shi, Turawa gudunsa suke yi. Na leƙa na ga awara ce. Na ce mata wadda ta tashi a gidan da ake shanya daddawa ba a tsorata ta da wari, na jawo farantin gabana. Ta yi dariya har da hawaye, kuma tun daga ranar na ji ta kwanta mini.

Bayan nan mun sha yawo ni da ita, sau da yawa ma ba Yaya. Ta kai ni inda ake sayar da shayin madara mai ƙwallayen rogo a ƙasan kofi, ta kai ni gidan da suka ƙware a farfesun naman sa da taliya, wanda romonsa kaɗai ya isa ya warkar da mura. Ta koya mini riƙe tsinke har na daina zubar da abinci a cinya. A kan wannan farfesun ne wata rana ta gaya mini abin da ke damunta. Babanta ya yarda da Yaya, amma mahaifiyarta ba ta ce e ba. Matar ta sha wuya a hannun dangin miji tana amarya, ta kuma ci alwashin 'yarta ba za ta shiga gidan da ba a maraba da ita ba. So take ta ga uwar miji da idonta. Ita kuma yarinyar ta ce duk son da take yi wa Yaya ba za ta yi aure ba sai uwarta ta sa albarka.

Haka aka shirya a haɗa iyaye a bazarar nan. Nata suka taso daga Taiwan, mu kuma muka kawo Inna daga ƙauyenmu can wajen Malumfashi, tunda Baba ya riga mu gidan gaskiya. Ta sauka a wurina a Lewisham. Ita ma Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, cewa kawai ta yi sai ta gani.

Baban yarinyar ya zaɓi wani babban gidan abincinsu a Marylebone, aka tsayar da Asabar da rana. Ni na ɗauki nauyin shirya Inna, kuma a ganina ban bar komai ba. Na buga waya na ce kada a sa alade, domin ko da yake mu Kirista ne, bai taɓa shiga tukunyarta ba. Na ce a ajiye mata cokali. Na ƙulla yaji a jaka. Har hanyar bas na zaɓa don kada matakalar nan mai tafiya da kanta ta tashar jirgin ƙasa ta firgita ta. Abu ɗaya ne bai faɗo mini ba, wato tunda nake ban taɓa ganin Inna ta ci abinci a bainar jama'a ba. Ko a gidan biki ɗaki take shiga da kwanonta. London ta saba mini da ci a bas, ci a titi, ci a tsaye, har na manta.

Wurin ya ƙawatu, ba hayaniya, ma'aikata na tafiya kamar ba sa taka ƙasa. Aka ba mu tebur mai zagaye da faifan gilas a tsakiya da ake juyawa. Inna ta sha atamfarta mafi kyau da farin mayafi, ta rusuna ta gaida su, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, ina fassarawa da Turanci, yarinyar na juyawa da yarensu. Uwar gajeriya ce mai furfura, idonta ba ya barin komai ya wuce. Har nan komai lafiya.

Da abinci ya iso, kaza ce da aka dafa da man riɗi da citta da tafarnuwa a tukunyar ƙasa, da kifi guda da aka turara, da awara, da ganye, da shinkafa. Uwar ta miƙe da kanta ta ɗauki kwanon Inna, ta zaɓi tsokar kifi mafi laushi ta zuba mata, ta ajiye da hannu biyu. Yarinyar ta raɗa mini cewa a wurinsu babu girmamawar da ta wuce wannan. Inna ta ce madalla, an gode, Allah ya saka da alheri. Sannan ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Inna, ki ɗan taɓa mana."

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "A gaban surukai? Ke London ta cinye miki hankali ne?"

Sai a lokacin na tuna. A wurinmu suruki ba ya cin abinci a gaban suruki, kuma hakan shi ne ganin girma. Inna ba ƙi take yi ba, iyakar karamcin da ta sani take yi musu. Ga shi kuma Yaya ɗan fari ne, wanda ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a cikin mutane, ba ta yabonsa. Baban yarinyar ya yi ta zuba yabon Yaya da ɗan Turancinsa, ina fassarawa, Inna na kallon bango. Ya tambaye ta yaya ɗanta yake yana ƙarami. Ta ce ta manta.

Uwar ta zaci kifin ne bai yi ba, ta zuba kaza. Ta zaci tsinke ne matsalar, ta tura cokali kusa. Ta sa aka kawo wani abincin daban. Kwano ya cika ya yi tozo, aka kawo na biyu, kuma kowane zubi Inna sai ta yi godiya ta ƙara sunkuyar da kai. Shi kuma Yaya, wanda ya sha cin abinci da mutanen nan har da neman ƙari, da ya ga Inna na zaune sai kunyar surukai ta dawo masa sabuwa, ya kama juya kofin shayi. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi Inna, ta ajiye tsinkenta a hankali, ta sunkuyar da kai, ba ta taɓa komai ba. Ina ganin hawaye na taruwa a idonta. Aka bar ni da tsohon muna ci, shi don kunya, ni don haushi. Ban taɓa cin abinci mai daɗi irin wannan raina a ɓace ba.

Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce al'ada ce, girmamawa ce. Yarinyar ta juya wa uwarta, uwar ta faɗi wata magana gajera, ba a fassara mini ba. Daga baya na ji wai cewa ta yi ita ba yarinya ba ce, ta san ƙi idan ta gan shi. Da aka tashi, ta sa aka kawo robobin da ake zuba ragowar abinci, ta juye duk abin da ta zuba wa Inna da hannunta, ta rufe, ta miƙo mini ba ta ko dube ni ba.

A bas ban ce uffan ba, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba na gaya wa uwa ba ne. Mun yi nisa, Inna na kallon taga, sai ta ce, "Yarinyar nan tana da tarbiyya. Kin ga ko loma ɗaya ba ta kai baki ba a gabana?"

Na buɗe baki zan gaya mata dalili, sai na rufe abina.

Ta ce, "Ki gaya wa wancan na yarda."

Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, amma rabi ne kawai.

Muna shiga gida ta cire mayafi, ta shimfiɗa zane a ƙasa, ta wanke hannu, ta ce in miƙo robobin. Yunwa take ji tun safe. Ta fara da kifin, ta ce matar nan ta san inda daɗin kifi yake. Ta ci kazar tana tauna cittar, ta tambaya ko su ma suna noma riɗi. Awarar ta ce ta fi ta kasuwarmu laushi, yaji kawai ta rasa, na ba ta. Kafin rana ta faɗi babu abin da ya rage sai ƙaya. A nan na gaya mata gaskiya, cewa mutanen sun tashi da tunanin ta ƙi su, ta ƙi 'yarsu, kuma auren na iya lalacewa.

Ta tsaya da hannu a sama. Ta ce, "Ni na ƙi su?"

Sannan ta tashi ta kwashe robobin ta shiga wanke su da sabulu. Na ce ta bari, na yarwa ne, kwandon shara za su. Ta ce ba a mayar wa surukai kwano wayam, balle a jefar. Na ce ai ba nasu ba ne, na gidan abincin ne. Ta tambaye ni daga hannun wa na karɓa. Na ɗauko tsumma na taya ta gogewa.

Washegari Lahadi, muna fitowa daga coci ta ja ni wurin mai nama. Ta dafa, ta daka a ɗan turmina har maƙwabciyata ta ƙasa ta hawo tambayar ko gini muke yi, ta soya dambun nama. Ta yi dambun shinkafa da busasshen zogalen da ta taho da shi. Ta cika robobin maƙil, ta ɗaure su a cikin sabon ɗankwali. Na ce ta zo mu tafi tare. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce uwar miji ba ta kai kwano da kanta. Ta koya mini abin da zan faɗa, ta kuma ce in durƙusa.

A hanya Yaya ya kira ni, muryarsa duk ta mutu. Ya ce, "Mamanta ta ce a yi cancel ɗin komai. Har sun fara maganar canza ticket." Na ce masa ya zauna inda yake.

Yarinyar ce ta buɗe mini ƙofa, idanunta a kumbure. Uwar na zaune a falo da akwati buɗe a gefenta. Na durƙusa na ajiye ƙullin a gabanta, na ce Inna na gaisuwa, tana godiya da abincin jiya, ta ce a yi haƙuri da ɗan abin da ya samu. Uwar ta kwance ɗankwalin a hankali. Ta gane robobin, domin tambarin gidan abincin na jikin murfin. Ta buɗe ɗaya, ta shinshina, ta rufe. Sai ta tambaya, ta bakin 'yarta, ina abin da ke ciki jiya, an zubar ne.

Na ce Inna ta cinye tas, a zaune a ƙasa, da hannu, ko ni ba ta rage wa ba.

Ta tambaya wanne ta fi so. Na ce kifin da ta zaɓa mata, da shi ta fara. Matar ta shafa murfin da babban yatsa. Ta ce in sake yi mata bayanin jiya, kuma wannan karon ta saurara har ƙarshe, har da maganar ɗan fari. Ta tambaya ko haka Inna za ta yi ta zama da yunwa duk ranar da suka haɗu. Na ce haka ne, sai dai in an ba ta ɗaki ita kaɗai.

Ta ɗebi dambun naman da yatsu, ta kai kusa da baki, sai ta tsaya ta dube ni. Ta yi wa 'yarta magana. Yarinyar ta ce wai ana tambaya ko ya halatta ta ci a gabana, ko ita ma ta shiga ɗaki. Na ce ni ƙanwa ce kawai, babu mai jin kunyata a duniyar nan. Ta ci. Ta ƙara ɗiba, ta miƙa wa mijinta, ta sake ci. Sannan ta faɗi wata magana ba tare da ta ɗago ba, yarinyar ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa.

Na tambaye ta me aka ce.

"Ta ce a tambayi Inna wane wata zai fi mata sauƙin dawowa, a sa rana. Kuma a nemi wurin biki mai ƙaramin ɗaki a gefe."

Godiyar da aka koya mini duk ta ɓace mini. Na zauna daɓas a kan kafet ɗinsu, na ce a taimaka mini da ruwa.