Ranar da Yaya Saude ta mayar da maɓallin rufewa hagu

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka raka Yaya Saude makwancinta, amma har yau in na ga mutum yana faɗa da wayarsa sai ta faɗo mini a rai. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, malamar lissafi a wata sakandaren 'yammata, mace mai taurin kai da ba ta yarda ta bar abu yadda ta same shi.

'Yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, ofisoshi suka shiga sauya kaya, tsofaffin kwamfutoci suka cika kasuwa. Ta kinkimo wata zuwa gidanmu na unguwar Soron Ɗinki, mai ƙugi kamar injin markaɗe. Babbar manhajar da kowa ke amfani da ita ta fi ƙarfin kwamfutar, sai Yaya ta samo wata 'yar ƙarama da masu sha'awa suka haɗa kyauta, wadda faifai ɗaya ke ɗauka. Abin da ya sace zuciyarta shi ne tagogin da ke buɗewa a fuskar kwamfutar. A wannan manhaja kai ke faɗin inda za su zauna, da launinsu, da girmansu. Sau da yawa takan kuskure harafi ɗaya a cikin umarnin, fuskar ta yi baƙi ƙirin, mu yi ta tsokanarta. Ko a jikinta.

A lokacin ne idon Baba ya fara rauni. Mahaifinmu ya tsufa yana ba manya karatun fiƙihu a zaure, kuma suna tsakiyar wani babban littafi lokacin da rubutun ya fara ɓace masa. Ya ce zai sallami ɗaliban, don ba zai karantar da abin da ba ya gani ba. Mun san in zauren nan ya rufe, Baba ba zai daɗe ba.

Yaya ta kai littafin shagon kwamfuta aka ɗauki hoton shafukan, ta ƙara musu girma, ta ajiye masa na'urar a gabansa. Ya ga rubutu raɗau, har ya yi hamdala. Amma da zarar ya kama linzamin kwamfutar, sai shafin ya ɓace. Aka sake buɗewa, ya sake ɓacewa. Ransa ya ɓaci, ya ture ta ya ce, "Saude, ɗauke abin nan. Ba ya son littafin Musulunci."

Ni na ce tsufa ne. Ita kuwa ta zauna a bayansa ta zuba wa hannunsa ido. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karatu daga dama, kuma komai da dama yake fara shi, ina hannunsa zai nufa in ba kusurwar dama ta sama ba? A nan kuwa masu ƙirar suka dasa maɓallin da ke rufe taga. Baba yana neman farkon layi, yana rufe littafinsa da kansa.

Ta shiga cikin umarnin manhajar ta ɗauke maɓallin ta kai shi can hagu, inda layinsa ke ƙarewa. Ta dawo da wurin buɗe littafi dama. Da ta lura hannunsa na rawa, ta soke danna sau biyu, ta kuma sauya farin shafin nan mai kashe ido da ruwan tsohuwar takarda. Washegari ta ce, "Baba, a sake gwadawa." Ya gwada, shafi ya tsaya. Sai ya aika a gaya wa ɗalibai akwai karatu bayan la'asar.

Ina tunanin abin da za ta ce da wayoyin yau. Sun fi kwamfutarta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kamfani ne ke yanke inda komai zai zauna, ka kwana ka tashi ka tarar an sauya maka ba shawara. Na tabbata da ta yi tsaki. Na kuma tabbata da ta nemi hanya ta samu, domin ba ta taɓa yarda cewa laifin dattijo ne idan na'ura ta ƙi shi ba. 'Yammatan da ta koyar, wasunsu yau su ke gyara wa iyayensu waya da irin wannan haƙurin.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba mu lokaci ba, kuma ta rasu saura babi kaɗan littafin ya ƙare. Ina kewarta, ba na ɓoyewa. Baba ya ci gaba da karatu a kan kwamfutar yadda ta bar ta, har aka sauke. Ranar sauka, bisa al'ada, ya jero malaman da ya karɓi littafin daga gare su, wane daga wane, kowanne ana yi masa addu'a. Da ya zo ƙarshe ɗalibai suka ɗaga hannu za su shafa, ya tsayar da su.

"Saura ɗaya," in ji shi. "Rabin littafin nan da idon Saudatu na karanta muku. Ku sa ta a jerin."