Gaurakin da Aka Yanke wa Kai

Lokacin muna haya a Dakata, mai gidana yana aiki a wata masaƙa a Bompai, ɓangaren da ake buga zane a jikin atamfa. Wani Bajapane da ya zo gyaran injin ya ba shi kalanda. Duk hotunan cikinta na wani tsohon mai zane na ƙasarsu ne, wai a jikin katako ake sassaƙa zanensa, a shafa launi, a danna a takarda, kowane launi da katakonsa. Ga ruwa, ga dutse, ga tsuntsaye.

Shi ke nan mai gidan nawa ya kamu. Ya riƙa kwaso katakon akwatunan injin da ake zubarwa, in ya sauko aiki bayan la'asar sai ya zauna bakin ƙofa da 'yar wuƙarsa. Ni kuwa ina ta zuba masa surutu, sai dai ya ce "uhm". Ya daɗe a kan katako guda, gauraka uku suna tashi bisa ruwa. Ranar da ya danna shi a farin ƙyalle, wallahi har gashin kansu ya fito tsirara-tsirara.

Daɗi ya kwashe ni. Da safe wajen famfo na ba matar mai gidan hayarmu labari, har da ƙari. Na ce, "Hajiya, saura kaɗan su yi kuka!"

Mijinta malami ne. Da yamma sai ga sallamarsa. Ya karɓi katakon, ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Hannunka da kyau," in ji shi. "Ruwan nan ba laifi, ba shi da rai. Amma tsuntsaye? Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da siffar mai rai, kuma gidan nan tare muke ciki."

"To Malam, yaya kuke gani za a yi?"

"A cire musu kai. In ba kai, ba siffa."

Ba faɗa ya yi ba, har addu'a ya yi mana. Mai gidana ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Ya ɗauki wuƙar. Ina daga bakin murhu, ludayi a hannu, ina jin ƙarar ƙwas, ƙwas, kamar a haƙarƙarina. Ni na kai zancen, ba wanda ya tambaye ni.

Da Malam ya fita na matso na durƙusa. Na ce, "Don Allah ku yi haƙuri, bakin nan nawa ne."

Da ya zage ni da na ji sanyi. Sai ya hure ɓarɓashin, ya shafa wuyan gaurakin da babban yatsa, ya ce, "Ai gaskiya ya faɗa. Miƙo tsintsiya."

Ban miƙa ba. Na share da kaina, shi kuma ya jingina katakon da bango, fuskar zanen tana kallon bangon.