Ajin da Muka Buɗe Cikin Raɗa

Ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar kuɗi da ke bayan tashar Kawo lokacin da Alhaji, mai makarantar, ya aika a kira ni ofis. Na tafi ina ta laluben laifin da na yi. Na same shi ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce yana da jika, ɗan 'yarsa, ya isa shiga firamare amma bai taɓa buɗe baki ya ce "Kaka" ba. An yi hayaƙi, an yi rubutu an ba shi ya sha, daga ƙarshe wata likita ta ce larurar galahanga ce. Yaron yana ji, yana gani, sai dai ƙara da haske da hayaniya suna shigar masa da ƙarfi fiye da yadda suke shigar mana. Duk makarantar da aka kai shi sai ta dawo da shi gida.

"Ina da makaranta, Malama, jikana kuma yana zaune a gida. Za ki buɗe masa aji, shi da irinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ban san komai a kan wannan ba."

Ya ce, "Shi ya sa na zaɓe ki. Sauran duk sun ce sun sani."

Ya tura ni wani ɗan gajeren kwas. Abin da na dawo da shi ba shi da yawa: ɗaki ya kasance shiru, bango kada ya cika launi, haske kada ya yi ƙarfi, sannan a ware wani lungu da yaro zai fake idan abin ya yi masa yawa. Na zauna na yi wa Alhaji bayani dalla-dalla, yana gyaɗa kai yana cewa madalla.

Ranar Litinin ya tare ni tun daga bakin get, ya ce in zo in ga abin mamaki. Tsohon sito ne ya sa aka gyara a ƙarshen mako. Bango ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya kore shar. A na huɗun an zana zaki, kansa yana taɓa silin, bakinsa a wangame, kowane haƙori ya kai tsawon hannuna. A sama an zagaya fitilu masu ƙyaftawa irin na wurin biki.

"Yaran da ba sa magana," in ji Alhaji, "ai sai da abin da zai farkar da su."

Mai fenti yana tsaye a gefe yana jiran yabo. Na ce zakin ya yi kyau ƙwarai, amma ina tsoron bakin nan. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya hau benci ya rufe masa baki. Sai zakin ya koma kamar ya guntsi ruwa yana neman inda zai tofar. Na ce har yanzu da saura. Ya ƙara masa murmushi, abin ya fi na farko ban tsoro. Ya tambaye ni ko in ya sa masa hula zai yi kama da mutumin kirki. A nan ne na daure na ce a shafe komai da fenti ruwan toka. Alhaji ya juya ya fita, mai fenti kuma ya yi shafen yana huci, ya tsinka fentin da ruwa sosai. Har yau idan damina ta jiƙa bangon, idanun zakin suna leƙowa.

Sai matsalar ƙara. Tagar ɗakin tana kallon tasha, tun safe 'yan kamasho suke kiran Zariya da Kano. An ce mini kwalin ƙwai yana rage ƙara idan aka manna shi a bango, don haka na bi masu shayin Kawo ɗaya bayan ɗaya ina roƙon kwalayensu. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa makarantarmu za ta fara kiwon kaji. Wani ya zo da 'yan tsaki a kwali yana neman Malama mai kaji. Wata uwa ta tsayar da ni a hanya ta ce tunda duk 'ya'yanta a wurinmu suke, a riƙa tunawa da ita idan an fara ɗibar ƙwai. Da muka gama mannawa na rufe ƙofa na saurara. Zariya ta ragu. Kano kuwa tana nan daram, domin mai kiranta Allah ya ba shi murya.

Lungun fakewa na yi shi da tsohon labule da 'yar katifa da matasai, ya zama kamar ƙaramar bukka. Tun kafin yara su zo malamai suka gano shi. Na ɗaga labule wata rana na tarar da malamin lissafi ya miƙe, takalmansa a ƙarƙashin kai. Kashegari hedimasta ne a ciki, ya kashe waya, ya ɗora yatsa a leɓe yana roƙona da ido, saboda wasu iyaye suna nemansa a ofis. Da na yi ƙorafi a taron malamai, sai wata ta ce ai su ma abin yana yi musu yawa, a raba ranaku kawai.

Da komai ya kammala Alhaji ya ce za a yi bikin buɗewa. Ya riga ya gayyaci abokansa 'yan kasuwa, ya ɗauko masu kalangu da lasifika. Na ce masa iyaye za su zo da yaran, in kuwa aka yi wannan kiɗan ba za su ƙara yarda su taka ƙofar nan ba. Ya shafa gemu.

"Ba a fasa biki, Malama. Amma za a yi shi a hankali."

Haka kuwa aka yi. Mai gabatarwa ya riƙe makirfo da ba a jona ba yana raɗa a cikinsa. Babban baƙo, wani dillalin taya mai ƙaton ciki, ya karanta jawabinsa kaf cikin raɗa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Aka tafa masa da yatsu biyu. Masu kalangu tunda an riga an kawo su, suka tsaya a layi suna kaɗa iska, sanda ba ta taɓa fata, wani baƙo har ya tashi ya taka rawa. Mutanen da ke wucewa suka ga rumfa da kujeru da manyan riguna, ga shiru, sai suka fara shigowa suna durƙusawa gaban Alhaji.

"Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan rai."

Alhaji ba shi da damar ɗaga murya ya yi bayani, sai ya riƙa amsawa da amin.

Washegari aka fara karatu da yara 'yan kaɗan. Wata yarinya ta shiga bukkar kai tsaye kamar da ma ta san don ita aka yi. Jikan Alhaji kuwa ya tsaya a ƙofa, ya dubi duk abin da muka sha wahala a kansa, ya wuce ya shige ƙarƙashin teburina. Na lallashe shi, na kawo masa kujera, na kawo tabarma, bai ko dube ni ba. Da na gaji sai na naɗe zanena na bi shi can. A ƙarƙashin teburin nan muka yi zangon karatu guda. Yana zuwa da murafen kwalba cike da aljihu, yana jera su layi ɗaya, ja da ja, kore da kore, ni kuma ina faɗin sunan launin a hankali. Wata rana ya saurara, wata rana ya juya mini baya.

Wata safiya Alhaji ya leƙo ya tambaya da hannu ina yaron yake. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya rarrafa ya shiga. Ƙafafunsa da rabin rigar suka rage a waje. Yaron bai ɗago ba, ya ci gaba da jerinsa. Da layin ya iso inda kakan ya tare hanya, sai ya ɗora murfi a gwiwarsa, ya ɗora wani a cinyarsa, ya bi ta kansa ya sauka ɗaya gefen. Alhaji ya ƙame, ko numfashin kirki ba ya yi, hawaye suna bin gemunsa.

Hedimasta ya shigo ya sunkuya ya ce akwai baƙi a ofis.

"A ce musu ina aji," in ji Alhaji daga ƙasa.

Da aka tashi tara yaron ya kwashe murafensa, amma gwiwoyin Alhaji suka ƙi miƙewa. Dole ni da hedimasta muka kama teburin muka ɗauke shi daga kansa, muka ajiye a gefe. Yaron ya tashi ya bi teburin ya sake shigewa, ya bar kakansa zaune a tsakiyar aji yana neman wanda zai ba shi hannu.