Kawu Ɗan Juma da Bindiga Marar Shuri

Hularsa ce ta fara gaya mini. Tunda na zo Saint-Denis, gefen Paris, karatun jami'a nake zaune gidan Kawu Ɗan Juma, ban taɓa ganin ya karkata hula ba. Amma ranar Litinin ɗin da ya dawo daga Lyon, bara cikin Nuwamba, ya danno ta har ta rufe masa girar dama. Matarsa, Inna Kaltuma, ta ce sanyi ne. Sai da ya zo alwala ya tura ta baya na ga yanka kamar jinjirin wata a saman girar, da ɗinki uku. Sai bayan sati biyu ya gaya mini abin da ya faru.

Kawu wan mahaifiyata ne. An haife shi a wani ƙauye arewa da Dakoro, ɗan maharbi, jikan maharbi. Da fari ya cinye dajin, barewa ta yi nisa, shi ma ya yi nisa: Agadas, Aljeriya, daga nan Paris. Shekara ashirin da shida yana sauke katan-katan na tufafi da takalma a wani sito na Aubervilliers, har kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. Likita ya yi mata aiki, ya hana shi ɗaukar nauyi, aka mai da shi bakin ƙofa yana nuna wa direbobi wurin tsayawa.

A bakin ƙofar nan ya saba da Alain, direban babbar mota daga wani ƙauye cikin tuddan yammacin Lyon. Wata rana Alain ya nuna masa hoton wata dabba a waya, ƙarama, ja-ja, mai gajeren ƙaho. Faransawa na ce mata chevreuil, Kawu kuwa har yau barewa yake ce mata. Daga ganin hoton nan bai sake samun kwanciyar hankali ba. Yana da shekara hamsin da tara ya zauna jarrabawar takardar farauta, ni nake karanta masa tambayoyin a teburin kicin. Ya ci. Alain ya shigar da shi ƙungiyar mafarautan ƙauyensu.

Abin da ya faru a Nuwamba shi ne, Alain ya ara masa bindigarsa ta harbin aladen daji, babba, mai madubin hange a samanta. Barewa ta fito, Kawu ya yi bismilla ya taɓa kunama. Bindigar ta yi shuri, madubin ya tsaga masa gira, harsashi kuma ya sami dabbar a cinya. Ta gudu da rauni. Aka bi ta da kare har washegari da azahar, aka same ta a gindin wata ƙaya ta kumbura.

"Mushe, Ruwaida," ya ce mini, yana juya kofin shayi. "Ni ɗan Tanko maharbi na yi mushe. Gaban Nasara."

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai suna André, bai yi masa faɗa ba. Ya ce kawai kafin a buɗe farauta a Satumba, Kawu ya zo da bindigar kansa wurin gwaji, ya sa harsashi uku cikin baƙin da'ira daga mita ɗari. In ya sa, a ba shi munduwar robar da ake ɗaura wa ƙafar barewa, wadda in babu ita ba ka da izinin harbi. In bai sa ba, babu.

Daga nan muka shiga neman bindigar da ba ta shuri. Na ɗauka abin sati ɗaya ne. Wata biyar ya ci.

Mai shagon bindigogin da muka fara zuwa a Paris sunansa Christophe, mutum mai fara'a da son magana. Kawu ya ce yana son ƙaramin harsashi, na barewa kawai. Christophe ya sauko da babba.

"Monsieur, in kana tsaye a layin mafarauta alade ya fito fa? Da ƙaramin harsashi me za ka yi masa?"

"Sai in ba shi hanya," in ji Kawu. "Ni da shi ba mu da magana."

Christophe ya yi dariya, amma bai mai da bindigar ba. Ya ce bindiga mai lamba .30-06 ita ce ta kowa, sai dai a sa mata harsashi mai sauƙi. Da muka fito muka kira Alain, ya ce kada mu saurare shi, 7-08 za mu nema. Na duba abin da mafarauta ke rubutawa a intanet, rabinsu na rantsuwa da 6,5, rabin kuma na zagin rabin farko. Kowa da nasa, kowa kuma ya tabbata ɗan'uwansa jahili ne.

"Babana da bututun ƙarfe da tsumma ya ciyar da mutum goma sha ɗaya," Kawu ya ce a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ƙarfi, har wata mata ta waiwayo. "Bai san lamba ko ɗaya ba."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne maganar nauyi. Shi marar nauyi yake so, saboda kafaɗa. Na karanta masa cewa marar nauyin ita ce ta fi mugun shuri, domin ba ta da jikin da zai shanye ƙarfin.

"Kenan wadda zan iya ɗauka ita za ta karya ni, wadda ba ta karya ni kuma ba ni iya ɗaukarta?"

"Haka suka rubuta, Kawu."

"Allah ya shirye su."

Inna Kaltuma ta ce da ya sayi rago a Aubervilliers ya huta, ba a taɓa jin rago ya fasa wa mutum gira ba. Kwana biyu bai yi mata magana mai tsawo ba.

A ƙarshe ya tsaya kan .243, matsakaiciyar nauyi, da roba mai taushi a gindinta. Madubin ma ya ci mana Asabar uku. Christophe ya so ya ba shi mai jawo abu kusa sau goma sha takwas, amma da Kawu ya leƙa ya ga duniya na rawa da bugun zuciyarsa, ya ajiye. Ya ɗauki mai jawowa daga uku zuwa tara, wanda ake iya barin faɗin yatsu huɗu tsakaninsa da ido. Sau uku yana aunawa da yatsunsa, tabarau a hanci. Takardu suka ci wasu makonni. Aka aika bindigar gidan Alain, a akwatin ƙarfensa za ta zauna.

Ƙarshen Agusta muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ni ya ce in raka shi don Faransancin André na da sauri. Alain ya ɗauke mu a tasha ya kai mu filin gwaji. An shirya Kawu ya yi atisaye da safe, André ya zo da la'asar.

Alain ya fara harba ta, uku suka haɗu wuri ɗaya kamar an ɗinke. "Voilà, wannan ko jikata za ta harba," ya ce.

Kawu ya zauna, ya yi bismilla. Na farko ya sauka can ƙasa hannun dama. Na biyu ya sami gefen takarda. Na uku ba a ma gan shi ba. Alain ya juya madubi, ya ƙara matse ƙusoshi, ya canja harsashi. Duk ɗaya. Kawu ya cire tabarau ya goge, ya ce Christophe ya cuce shi. Alain ya ce iska ce, alhali ko ganye ba ya motsi.

Su biyun takardar suke kallo. Ni da ban san komai game da takardar ba, Kawu nake kallo daga baya. Duk sanda yatsansa ya kai kan kunama, sai ya ɗan janye gindin bindigar daga kafaɗa, ya kau da fuska hagu, ya runtse ido. Abin bai kai ƙiftawa biyu ba. Sau shida na gani.

Yaya ɗiyar ƙanwa za ta gaya wa ɗan maharbi bai iya riƙon bindiga ba? Sai na ɗauki bidiyon harbi na bakwai da waya, na rage saurinsa, na miƙa masa ba tare da na dube shi ba.

Ya kalla sau biyu. "To, mi kika gani?"

"Fuskarka, Kawu. Tana juyawa."

"Ai haka a ke harbi!" Muryarsa ta tashi. "Haka babana ya koya mani, da mari ya koya mani. Harbi-ruga in ka manna mata kunci wuta ta ci maka fuska. Ƙanen babana da ido guda ya mutu. Ke da aka haifa Yamai cikin gidan siminti, ke za ki..."

Bai ƙarasa ba. Ya sake kallon wayar. Na fassara wa Alain a hankali: bindigar maƙerin ƙauye tana tofar da wuta ta baya, wani lokaci ma ta fashe, don haka ake nisanta ta da jiki, a kau da kai. Kuma ba ta kuskure, domin maharbi sai ya yi rarrafe ya zo taku ashirin kafin ya harba, cikinta cike da gutsattsarin ƙarfe. Alain ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya ce shekara talatin yana farauta bai taɓa jin wannan ba, kuma duk wata biyar ɗin nan ba bindiga ya kamata mu nema ba.

Sa'a uku suka rage. Alain ya zare harsashi, ya sa Kawu ya manna kunci a katako yana taɓa kunama a banza, sau hamsin, sau ɗari. Wani lokaci kan ya tsaya. Wani lokaci ya juya da kansa, Kawu ya ja tsaki kamar da wani yake faɗa.

André ya zo da la'asar, ya gaisa, ya tsaya da abin hangensa. Na farko ya shiga baƙi. Na biyu ya shiga, dab da na farko. A na uku na ga hular ta motsa hagu tun kafin ƙarar ta fito. Ya sauka tafin hannu guda a wajen da'ira.

Alain ya fara roƙo, yana cewa biyu cikin uku, mutumin ya zo tun daga Paris, a ba shi ɗaya kuma. André ya sake leƙa takardar, kamar zai yarda. Kawu ne ya ɗaga hannu.

"Gaya wa Alain ya bari, ɗiyata. Wancan na ukun a cinya ya sauka. Na san wurin."

Na gaya musu. André ya ce to, bana babu munduwa. In yana so ya zo cikin masu koro dabbobi, ya sa riga mai ruwan lemu ya bi karnuka, sannan su sake haɗuwa nan a watan Mayu. Kawu ya ce ya ji. Ya goge bindigar da kansa, ya mai da ita jaka, ya miƙa wa Alain. A mota ya ce shekara arba'in da bakwai abu na zaune a wuyan mutum, yaya za a ce ya fita kafin la'asar.

A tashar Part-Dieu ta Lyon saura minti ashirin jirginmu ya tashi. Ya ce in tsaya da jakunkuna. Ya bi layin wani shagon burodi, ya sayo burodin nan mai jan sukari da Inna Kaltuma ta ce kada ya dawo babu shi, ya riƙo ledar da hannun hagu.