Hannun Gem a Rigar Fata

Dalma ake ce masa a layin masu kayan wuta, saboda ƙaurin dalmar da ba ya barin rigarsa. Tun yana saurayi yake gyaran na'urorin wasan bidiyo, waɗanda yara ke kira gem, a kan wani ɗan tebur da ke lungun shagon Yayansa. Ba ya biyan haya, ba ya biyan wuta. Da teburin nan ya yi aure, da shi yake ciyar da 'ya'ya huɗu, Yaya kuwa ba ya bari ya manta da hakan.

Wata rana Yaya ya shigo da kwali cike da hannayen gem, irin masu faɗin nan da gilashi a tsakiya, maɓallai a gefe da gefe. Dalma ya san halinsu. Idan mutum yana da na'urar, hannun ya fashe masa, sai ya sha tsada kafin ya samu wani, don kusan kuɗin na'urar gaba ɗaya ake nema. Idan kuma babu na'urar, ko faifan rufe tukunya ya fi shi amfani. Na kwalin nan duk marayu ne, shi ya sa Yaya ya kwashe su da arha kamar tsintuwa.

"Masu gidan gem za su saya," in ji Yaya. "Kai dai ka tashe su."

Dalma ya duƙufa. Ya sauya batura, ya goge gilasai, har suka riƙa kawo haske tas. Bai gane dalilin da ya sa Yaya ya kai wa baduku awon su ba, sai da ya ga an dawo da rigunan fata masu rufe maɓallan ruf, gilashi kawai a waje. Aka jera su a kanta kusa da tabilet na gaske, allunan lantarkin da ake karatu da su, aka sa musu farashi ƙasa kaɗan da nasu. Dalma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Ranar da abin ya fashe, wata mata ce ta shigo, mai shara a wani asibiti, hannayenta duk sabulu ya cinye. Ta zaro hannun gem ɗaya mai rigar fata daga jakarta, a naɗe cikin ɗankwali.

"Alhaji, abin karatun nan da na saya wa 'yata ya ƙi. Haske kawai yake yi, yana rubuta wai a haɗa shi da wani abu."

Yaya ko a jikinsa. "Saiti ne, Hajiya. Ba wa ƙanena, ki biya na gyara, jibi ki dawo."

Dalma ya karɓa. Ya zare rigar fatar, maɓallan suka fito fili, ja da shuɗi. Ya dubi matar, ya dubi Yaya da ke yi masa ido. Ya tuna shi ya sa wa abin nan batur da hannunsa.

"Baba, wannan ba tabilet ba ne," ya ce. "Hannun wasan yara ne. Ko shekara zai yi a nan, ba zai yi karatu ba."

"To a sayo abin da yake nema ɗin mana."

"Ko kin sayo, wasa kawai za a yi da shi."

Ta juya wajen Yaya. Shi kuwa ya gyara zaman hularsa, ya ce kaya in ya fita ya fita, kuma shi bai taɓa furta kalmar tabilet da bakinsa ba, ita ce ta nuna ta ce a ba ta. Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. Matar ta yi roƙo, ta yi Allah ya isa, maƙwabta suka leƙo suka koma. A ƙarshe ta mayar da rigar fatar da kanta, ta naɗe abin, ta ce yarinyar ta riga ta nuna wa ƙawayenta.

Tana fita Yaya ya cire wayar wutar teburin daga bango. "Tunda ka zama limami, nemi masallacinka."

Dalma ya kwashe kayan aikinsa a buhu, ya nufi wajen Inna, mahaifiyarsu, yana zaton ita kam za ta tsawata wa babban. Ya same ta tana tsintar shinkafa, labari ya riga shi isowa. Ta bar shi ya gama bayani tsaf, sannan ta ɗago.

"Yanzu saboda bare ka kunyata ɗan'uwanka a kasuwa? Ita matar 'yar uwarka ce? Gobe da safe ka je ka ba shi haƙuri, ko ya mayar maka da teburinka."

Dalma ya saɓa buhunsa ya miƙe.

"Ina za ka? Ban gama magana ba."

"Neman inda zan sa tebur, Inna."